Gidan mahaifiyata ne ƙasar waje?

Anti Esinam, ki taimake ni, kaina ya kulle. A Lome aka haife ni, amma tun ina budurwa nake Aflao, garin Ghana da ke bakin iyakar Togo. Nan na yi aure, nan na binne mijina, shi ma ɗan Togo ne. Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwa, da shi nake ciyar da yarana biyu. Shugabannin kasuwarmu kuma sun fara cewa rumfa ta 'yan ƙasa ce, shi ya sa na nemi zama 'yar Ghana.

Bara mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, na koma wajenta a Kodjoviakope, unguwar Lome da ke jikin iyaka, na yi watanni ina jinya. Anti, daga ƙofar gidanta ana hango rufin kasuwarmu. Yarenmu ɗaya, tuwon akple ɗaya muke tuƙawa. Da jami'in ofishin da na kai takardun neman zama 'yar ƙasa ya tambaye ni ko na fita ƙasar waje, da zuciya ɗaya na ce ko jirgi ban taɓa shiga ba. Ya duba hatimin fasfona ya kalle ni kamar ɓarauniya. Wai dole in cika shekara cur ina zaune a Ghana kafin in sake nema. Wallahi na yi kuka a gabansa, ban ji kunya ba.

Na daure, saura kaɗan in cika, sai ga ƙanena Kossi ya aiko cewa jikinta ya tashi, sunana take kira. Maƙwabciyata ta ce in bi ta lungu, babu mai ganina balle hatimi. In na tafi rumfa za ta kuɓuce mini, in na zauna ban san ko zan tarar da ita da rai ba. Na rasa abin yi.

Mai kifi, Aflao

Ƙanwata, share hawayenki. Ba ƙarya kika yi ba, ke kin ga gida, hukuma kuma ta ga iyaka, kuma da idonta ake ba da takarda.

Maganar lungu ki bar ta. Watannin da kika rasa suna dawowa, amma in aka kama ki da ɓoye tafiya, zancen ya mutu.

Ziyara daban, ƙaura daban. Gobe ki nemi lauya ko ki koma ofishin, ki tambaya ƙarara ko zuwa da safe a dawo da yamma yana karya zaman, kuma ko ana sassauci saboda jinya. Ki riƙe takardun asibitinta. Ki kuma binciki asalin kakanninki, domin in ɗayansu ɗan Ghana ne, wataƙila hanyarki ba wannan ba ce ma. Shi kuma Kossi, aike ba jinya ba ne, ya karɓi kwana ke ki riƙe yini.

Ban raina rumfa ba, abincin marayu ce. Amma in likita ya ce lokaci ya ƙure, kada ki tsaya lissafi, ki tsallaka ta ƙofa a buga miki hatimi, ki zauna kusa da ita. Ofishin yana nan baɗi. Allah ya ba ta sauƙi, ya sa ta buɗe ido ta gan ki.

Anti Esinam