Saura Wata Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Anti da ɗiyata Ummi. Yaya gwiwar? Allah Ya sa kana shafa man da likita ya rubuta, ba ka ɗora shi a kan firij kana yi masa gadi ba kamar yadda ka saba.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda bene ɗaya ne kawai tsakanin ofishinta da sitonka. Na san halinka da waya, saƙo sai ya kwana uku ba ka buɗe ba. Amma takarda, ko ta cikin kwalin magani ce, sai ka karanta ta har ƙasa. Shi ya sa na zaɓi biro.

Direba zai kawo maka leda da littattafai uku. Mai koren bango a kan neman aiki yake, yadda mutum zai tsara takardar tarihin aikinsa da yadda zai zauna a gaban masu tantancewa. Mai jan bango yana koyar da zuba jari. Ƙaramin kuma na shirin ritaya ne, rubutunsa manya-manya, ba zai wahalar maka da ido ba. Kamfani ne ya sayo su katan biyu ya ajiye a ofishinmu na kula da ma'aikata, ni kuma na tsaya na zaɓo maka waɗanda ba su lanƙwashe ba. Ka fara da koren. Kada ka tambaye ni dalili, ka dai karanta shi kafin ƙarshen wata.

Sai wata 'yar magana, kuma don Allah kada ka ɗauke ta da zafi. Ranar Talata da ka hawo sama ka leƙo kana cewa Auta ta ci abinci kuwa, sabon Manaja yana tsaye a bayana. Bayan ka sauka ya daɗe yana kallon sawun siminti da takalminka ya bari a kan kafet, sannan ya tambaye ni ko kai wane ne. Yaya, a gida ni Autarka ce har in mutu. A can sama kuwa akwai idanu. Idan kana son ganina ka bari sai an tashi.

Ka gaishe min da Anti, ka ce mata ina nan zuwa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta


Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan jikinka lafiya, kuma hankalinka ya fara kwanciya bayan abin da ya faru ranar Alhamis.

Na san ba takardar sallamar ce ta fi yi maka ciwo ba, hannun da ya miƙa maka ita ne. To Yaya, aikina ke nan. Mutum goma sha huɗu ne suka shigo ɗakin taro a ranar, ɗaya bayan ɗaya. Kowa na karanta masa magana iri ɗaya, na miƙa ambulan, na karɓi katinsa. Da muryata ta canza da na zo kanka, Manaja yana gefena, da ya lura. Shi ya sa na kira ka da lambarka ta aiki. Kai ma ka taimake ni da ba ka kira ni Auta ba. Sai dai ka daɗe kana zare makullan sito daga zobensu, ɗaya-ɗaya, kana jera su a kan tebur kana faɗin wannan na ɗakin fenti ne, wannan na ɗakin fayif, wannan sai an ɗan ɗaga ƙofar kafin ya juya. Tun da safe aka canza kwaɗunan duka. Na so in gaya maka, sai na ga gara in bar ka ka ƙarasa.

Anti ta zo gidana ranar Asabar. Ta ƙi shiga, ta tsaya a bakin ƙofa maƙwabta suna ji. Ta tuna min babur ɗin da ka sayar shekarar jarrabawata bayan rasuwar Baba, ta tuna min yadda ka yi ta sintiri wajen tsohon mai kamfanin har ya ɗauke ni aikin buga takardu. Ban musa ko ɗaya ba. Da za ta tafi ta ce, "Saura wata goma sha ɗaya ya cika shekara talatin a aiki, ke kin fi kowa sani." Na sani mana, fayil ɗinka a durowata yake. Ƙa'ida ce, wanda bai cika talatin ba ba shi da fanshon wata-wata, sai kuɗin sallama kawai. Ba ni na rubuta ƙa'idar ba.

Saboda haka a ƙaramin littafin ka tsallake babi uku na farko, duk maganar fansho ce, ba ta shafe ka ba. Ka fara daga na huɗu, inda ake bayanin yadda mutum zai cika lokacinsa da 'yar shuka a bayan gida. Jan littafin kuma ya ce kuɗi komai ƙanƙantarsu suna girma idan aka bar su shekara ashirin ba a taɓa ba.

Bari in faɗa maka gaskiya, tunda sauran mutane jaje kawai za su yi maka. Shekara ashirin da tara kana kan kujera ɗaya, har katakonta ya ɗauki siffarka. Sau biyu aka tura ka koyon kwamfuta, ka ce kanka ya fi ta riƙe abu. A shafi na sittin na koren littafin an yi bayanin irinku, amintattun da ba a tunawa da su sai ranar rage ma'aikata. Na ja maka layi a ƙarƙashi tun kafin in aiko.

Ka huta lafiya. Ina yi maka addu'a.

Taka,
Auta


Yayana na kaina,

Bayan gaisuwa, yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Wata biyu ke nan ban ji muryarka ba, amma na ga rubutunka, na kuma gode wa Allah.

Ummi ta kawo min takardar tarihin aikin da ka rubuta da hannu. Na ji daɗi ƙwarai da na ga ka bi tsarin littafin layi-layi, har da gefen da ka ja da rula. Na gyara ta da jan biro kafin a buga. Na cire wurin da ka ce a tsawon aikinka ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunka ba. Yaya, ba a ɗaukar mutum aiki don bai yi sata ba. Bayan na cire wannan sai takardar ta koma rabin shafi, amma ba laifi, masu karantawa ba su son dogon zance.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Gara ka ji daga bakina. Kamfanin tayil ɗin nan da suka gana da kai makon jiya sun bugo ofishinmu neman shaida a kanka, kuma ni na ɗauka. Mutumin ya ce ka burge su, ka zaga sitonsu sau ɗaya ka nuna musu inda ruwa zai shigo musu da damina. Sai ya tambaye ni abu uku: shekarunka, lafiyarka, da ko ka iya kwamfuta. Na ce hamsin da takwas, na ce gwiwar hagu tana hana ka hawa tsani, na ce ba ka iya ba. Ya yi godiya, ya ajiye waya.

Ummi ta ce har ka sa an wanke maka rigarka mai ruwan toka, ka gaya wa Anti ran Litinin za ka fara. Na ji ba daɗi, wallahi. Amma ka duba matsayina. Idan na rufe musu, suka ɗauke ka, ka faɗo daga tsani, sunan wa zai ɓaci? Littafin da kansa ya ce sunan mutum a wurin aiki shi ne jarinsa na farko. Kai ka riga ka ci naka zamanin, ni yanzu nake gina nawa.

Na ji kuma Ummi ta dakatar da karatun jinya sai baɗi. Yarinya ce, shekara ɗaya ba komai ba ce. Idan ka gama da koren ka ba ta, zai yi mata amfani.

Allah Ya kawo wata hanyar.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Wannan wasiƙar ta fi sauran yi min nauyi, sau uku ina yaga ta.

Ka san sauran mutum goma sha ukun sun kai ƙara ofishin ƙwadago, kuma kwamiti zai zo ya binciki fayil-fayil ɗinmu. An gaya min sun zo har gida su sa sunanka, ka ƙi, ka ce ba za ka sa hannu a takardar da sunan ƙanwarka yake ciki ba. Da na ji haka sai da na rufe ƙofar ofis na zauna.

Akwai abin da kwamitin zai gani, kuma ba na so ka tsince shi a bakin wasu. Sunanka ba ya cikin jerin farko na waɗanda za a sallama. Manaja ne ya kira ni, ya ce kujerar shugabar sashenmu za ta zama tawa, amma sabuwar doka ta hana mai wannan kujera ya kasance yana da ɗan'uwa na jini a kamfani. Ya ce zaɓi biyu ne. Ko a bar ka ka ƙarasa watanninka ka tafi da fanshonka, su kuma su kawo wani daga waje ya hau kujerar, ko kuma ka tafi yanzu. Ya ba ni kwana biyu in yi tunani. Yaya, ban kai la'asar ba na ba shi amsa.

Ba zan ce maka shaiɗan ne ba. Na zauna na auna. Irin wannan kujera sau ɗaya take zuwa wa mace a wurin nan, wanda za a kawo kuma ba zai tashi ba sai na tsufa. Na ce a raina Yaya ya saba haƙuri, zai iya. Duk abin da ka taɓa yi min, ka yi ne don in kai wani wuri. To ga shi na kai.

A cikin ambulan ɗin nan akwai takarda mai layi huɗu. Tana cewa kai ne ka nemi a sallame ka don raɗin kanka saboda ciwon gwiwa. Idan ka sa hannu, kwamitin ba zai buɗe fayil ɗinka ba, ni ma ba za a taɓa ni ba. Ba zan ɓoye maka ba, sa hannun yana nufin ka rufe ƙofar neman fanshon har abada. Na yi alamar fensir a inda za ka sa. Kada ka nuna wa Anti.

Ƙanwarka da ba ta da kowa sai kai,
Auta


Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya su Anti?

Takardar ta iso. Ka sa hannu daidai kan alamar, ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba. Na juya bayanta, na leƙa cikin ambulan, ba komai. Kwamiti ya zo ya tafi, an tabbatar min da kujerata ranar ɗaya ga wata. Ofishin yana da taga biyu.

Shekaranjiya da rana muna dawowa daga taro a motar Manaja, ni da shi a baya, cunkoso ya tsayar da mu a titin masu kayan gini. Motar kamfaninmu tana sauke siminti a wani shago. Na ga wani dattijo a cikin masu saukewa, ya ɗaure gwiwarsa da tsumma, buhu a kafaɗa, yana taka katakon da aka jingina a hankali. Sai da ya juyo na gane ka. Mun haɗa ido, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Na ga bakinka ya motsa. Sai ka dubi wanda ke gefena, ka sauke kai, ka juya mana baya, ka tsaya a haka da buhun a kafaɗarka har motoci suka motsa. Manaja bai lura da komai ba, yana ta ba ni labarin makarantar 'ya'yansa.

Na gode, Yaya. Ban iya cin abincin rana ba ranar. Na shiga banɗakin ofis na buɗe famfo don kada a ji ni. Babu wanda zai yi min abin da ka yi, na san wannan, kuma zan mutu da saninsa.

Amma titin nan shi ne hanyarmu duk Litinin da Laraba, kuma ba kullum Manaja zai kasance yana kallon wani wajen ba. Direbobinmu ma sun san ka, baki kuma ba ya shiru. Akwai shagunan kayan gini da yawa a can bayan tashar mota, na tabbata su ma suna neman hannu. Don Allah ka duba ko za ka koma can kafin Litinin.

Na ga ka rame sosai. Ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka har kullum,
Auta