Rabin Maganar Pandit Sundaresha

Banaras, 9 ga Janairu, 1979

Zuwa ga matata Sulekha,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Tuli. Yaya tarin Ma, tsohuwarmu? Ki hana ta wankan safe da ruwan sanyi, ko da za ta yi fushi. Ni kalau nake, in ban da sanyin garin nan.

Kwanana goma sha biyu ke nan ina zuwa gidan Guruji, malamina Pandit Sundaresha Dikshit. Ya tsufa, Sulekha. Ido ya tafi gaba ɗaya, amma harshe yana nan yadda na bar shi shekara ashirin da suka wuce. Da na taɓa ƙafarsa ya shafa kaina, sai ya ce, "Dwijen, Jamusawa sun cinye maka gashi. To me suka ba ka a madadinsa?" Matarsa Kamakshi, wadda muke kira Mami, ta yi dariya har ta kusa zubar da kofi.

Na gaya masa abin da suka ba ni. Su a wurinsu sani kullum sanin wani abu ne: ka ga tulu, ka ji ƙara, ka tuna fuska. In ka ɗebe abin, babu sauran sani. Shi kuwa shekara hamsin yana koyar da cewa sani haske ne mai haska kansa, yana nan ko babu abin da ya faɗa a kai. Hujjarsa ita ce mutum yakan tashi daga barci mai nauyi ya ce ban san komai ba. To wane ne ya shaida rashin sanin?

Ya yarda ya ba su amsa a rikodata, amma bisa ƙa'idar malamai. Ba a rushe maganar abokin gardama sai an fara gina masa ita da bakinka, kamar taka, har ta fi yadda shi zai iya faɗa. Yanzu wannan rabin muke yi. Da kin ji shi yana cewa, "Ni na ce a barci mai nauyi babu kowa! Tashi kake yi ka ji jikinka sakayau, sai ka ƙaga wa kanka shaida." Duk zamana a Jamus ban ji wanda ya faɗi maganarsu da kyau haka ba. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji in ji ra'ayina a bakinsa.

Ki gaishe da Ma, ki sumbatar min Tuli.

Mijinki,
Dwijen

Banaras, 26 ga Fabrairu

Sulekha,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Na ga wasiƙunki biyu. Kunya ce ta hana ni amsawa.

Guruji ya kammala rabin farko ranar wata Talata. Ya ce in huta Laraba, in zo Alhamis da sabon kaset, zai fara ba da amsa. To akwai taron masana falsafa a Delhi wannan makon, an kuma ba ni rabin awa. Na san in na faɗa masa zai ce ba a fita da rabin magana. Sai na aika masa cewa zazzaɓi ya kwantar da ni, na hau jirgin ƙasa. Na ce a raina kwana huɗu ne kawai.

A taron na kunna musu minti goma na kaset ɗin. Na yi niyyar in bayyana cewa maganar abokin gardama ce yake ginawa, har na rubuta hakan a takardata. Amma aka fara tafi, wani farfesa ya miƙe ya ce yau tsohuwar makaranta ta miƙa wuya. Na dubi layin da na rubuta, na tsallake shi. Wannan shi ne abin da mijinki ya yi.

Ran Lahadi na dawo na tarar jini ya buge Guruji tun Juma'a da hantsi. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce yana ji, yana kuma ganewa.

Kada ki gaya wa Ma tukuna.

Naki,
Dwijen

Banaras, 20 ga Maris

Sulekha tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da Tuli ta ci jarrabawa. Kin ce in dawo gida, amma ba zan iya ba.

Wata jarida ta buga cewa Pandit Sundaresha ya bar koyarwarsa a ƙarshen rayuwa. Labarin ya zaga unguwar malamai cikin yini ɗaya. Na bi su gida gida ina bayani. Sun san ƙa'idar sarai, amma suka ce wanda ya bari a kunna rabin farko a gaban jama'a, ba shi da na biyu ne. Na ce bai bari ba, satar hanya na yi. Pandit Trilochan, wanda suka daɗe ba sa shiri da Guruji, ya tofar da jan miyan ganyen da yake taunawa ya ce, "Ɗana, rufa wa malaminka asiri abu ne mai kyau. Amma ina amsar? Kawo kaset mu ji."

Ɗalibansa tara ne, yanzu saura biyu. Babbansu, Gangadhar, ya tare ni a ƙofa ya ce, "Bajamushe, ka zo ɗaukar numfashin ma a kaset?" Na raɓa shi na shiga. Wani mai ziyara kuma ya zauna a bakin gadon ya karanta wa Guruji jaridar tun daga sama har ƙasa, wai jaje yake yi. Na ga hannun Guruji na hagu yana damƙar tabarma.

Na ce bari in rubuta amsar da kaina, tunda shekara bakwai na yi a gabansa. Mako uku nake fama. Duk hujjar da na ɗauko, sai in tarar ya riga ya rushe ta a kaset. Ya yi aikinsa da gaskiya, bai bar wa kansa ƙofa mai sauƙi ba. Jiya na karanta masa abin da na haɗa, na ce in daidai ne ya matsa hannuna. Bai matsa ba. Ya dai zare hannunsa ya ɗora a goshina, ya daɗe a haka. Ban gane ba.

Kullum ina zaune ina kallonsa. Ba ya gani, ba ya magana. Ko akwai haske a ciki mai haska kansa, ni ban sani ba, kuma na daina jin daɗin ra'ayina.

Mijinki,
Dwijen

Banaras, 8 ga Afrilu

Sulekha,

Ina gaishe ku duka. Guruji ya rasu ran Litinin da rana. Mun ƙona gawarsa a bakin kogi bisa al'ada. Malamai huɗu kacal suka zo.

Jiya na je yi wa Mami sallama. Ta zuba min kofi kamar kullum. Na buɗe baki zan faɗa mata maganar zazzaɓin, ta ɗaga hannu.

"Sha kofinka, Dwijen. Ni zan yi magana. Ranar Alhamis ɗin nan ya yi wanka ya sa sabon mayafi, duk da saƙonka. Wai wataƙila ka ji sauƙi ka zo. Ya zauna tun safe har rana ta take, yana ta murmushi. Ya ce amsar gajeriya ce, ko rabin kaset ba za ta ci ba. Na ce to ni gaya min mana. Gangadhar ma ya roƙe shi. Ya ce a'a, wanda ya kawo tambaya shi ake fara ba amsa."

Na ajiye kofin, ta ci gaba.

"Da rana ya sa na dafa maka romon barkono, na kai maka masauki da kaina. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gidan ya ce ka tafi Delhi. Na dawo na ce masa barci kake. Shekara hamsin da biyu ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar, kuma ban warware ta ba har ya tafi. Shi a saninsa, har ya rasu, wani ne ya sace kaset ɗin kana kwance."

Na tambaye ta ko ya faɗi wani abu safiyar Juma'a, ko da kalma ɗaya daga cikin amsar.

Ta ce, "Ya yi magana sau ɗaya. Ya ce, Kamakshi, yaya jikin Dwijen?"

Zan taho ran Asabar a jirgin safe. Kada ki zo tasha tarbata.

Mijinki,
Dwijen