In Tona Asirin Gwiwar Ƙanena?

Baffa Na'ibi, don girman Allah ka taimake ni da shawara, na kai inda ni kaina ban yarda da zuciyata ba. Daga Mahjar nake rubuto maka, nan Jidda. Kada ka sa sunana, unguwarmu ko tari ka yi sai an san daga wane gida ne. Sunayen da zan ambata ma duk na sauya su.

Ina da ƙane, mu kira shi Rilwanu. Yana jami'a, ya sami gurbin nan na kyauta da ake kira minha, wanda kai ma ka san ɗan baƙo ba ya samunsa da sauƙi a ƙasar nan. Kwamfuta yake karanta, saura masa shekara ɗaya da 'yan kai ya gama. Kuma yana buga wa jami'ar ƙwallo. Ba zan yi maka ƙarya ba, yaron ya iya. A gasar jami'o'i ta bana wani dillalin 'yan wasa mai suna Hamad ya gan shi, ya liƙe masa. Wai akwai wani nadi, wato kulob, a ƙaramin rukuni, can wani gari mai nisa a arewa, suna neman ɗan wasan gaba daga cikin mawalid, 'ya'yan baƙi da aka haifa a ƙasar nan. Sharaɗin Hamad shi ne Rilwanu ya janye daga jami'a yanzu-yanzu, a mayar da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, hannun nadin, ya tafi kafin a rufe rajistar 'yan wasa. Kullum in ya zo gidanmu maganarsa ke nan, yalla yalla, sai ka ce gobara ta tashi.

Babanmu direba ne a gidan wani Balarabe tun kafin a haifi Rilwanu. Yanzu ido ya fara ba shi matsala, kafilin nasa, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya tsufa, 'ya'yan kafilin kuma ba su san darajar kowa ba. Hamad ya gano inda ke yi wa Baba ciwo. Bai fito fili ya yi alkawari ba, wayo gare shi, amma yana ta jefa maganar cewa ɗan wasan da ya yi fice ana iya ba shi jinsiyya, ya zama ɗan ƙasa. Halas, shi ke nan, Baba ya hau ya zauna. Yanzu hujjarsa ita ce me digiri ya tsinana wa 'ya'yan maƙwabta, ga su nan da takardunsu suna zaman gida, ayyukan ofis an keɓe wa 'yan ƙasa. Umma kuwa har ta gama faɗa wa mata a wani biki a unguwar Sa'alaba cewa ɗanta zai riƙa fitowa a talabijin. Nadin da ko mutanen garinsu ba sa zuwa kallo!

Baffa, ka yi haƙuri in na yi ta zuba, dole in faɗa maka nawa labarin don ka gane abin da ke cina. Ni ma na buga ƙwallo. Ka tambayi duk wanda ya san gasar unguwanni ta watan azumi a kudancin Jidda, zai gaya maka. Amma ni a Kano aka haife ni, a goye aka shigo da ni lokacin da iyayenmu suka zo umra suka zauna, sai daga baya aka gyara takardu. Da aka buɗe wa mawalid ƙofa wani nadi ya gwada ni, kocin ya yaba, sai aka ce in kawo takardar haihuwa. Nan magana ta mutu. Ni da na yi rarrafe a Jidda, na yi haƙori a Jidda, ban san hanyar gidan kakana a Kano ba, wai ni ba haihuwar nan ba ne. Da na dawo gida ranar, Baba cewa ya yi gara haka, in je in nemi sana'a. Wannan Baban da ya taɓa sa wuƙa ya farke mini ƙwallo ya ce wasan 'yan iska ne, shi ne yau yake tare abokansa a ƙofar masallaci yana nuna musu bidiyon Rilwanu a waya. Ni kuwa ina banshar, shagon faci, ina fama da tayoyin manyan motoci cikin wannan zafin da ka sani.

Kuma ni na koya wa yaron nan buga ƙwallo da ƙafar hagu. Ni nake kai shi atisaye. Ni na matsa masa ya nemi minha lokacin da shi kansa ya ce ba za a ba Takari ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an ci abinci, ga kawunmu ga mijin ƙanwarmu, aka tayar da maganar. Na ce a bar shi ya gama karatu, ƙwallo ba za ta gudu ba. Na tuna musu da Abdulghaffar, ɗan wasu Hausawan Sudan da ke bayan layinmu, wanda ya bar makaranta ya sa hannu da wani nadi. Bai rufa shekara ba jijiyar ƙafarsa ta tsinke, suka sallame shi, iƙamarsa ta ƙare a hannunsu, yau ko kanti ba ya zuwa sai ya leƙa titi don tsoron 'yan sanda. Ban rufe baki ba Rilwanu ya miƙe. Shi in ransa ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinsa, da Larabci ya wanke ni tas. Ya ce hassada ce ke damuna, tunda ni ban samu ba so nake kowa ya ƙare a shagon faci. Ba maganarsa ce ta fi ƙona ni ba, yaro ne. Baba ne ya gyaɗa kai. Umma ta sunkuyar da kai tana tattara kwanuka, babu wanda ya ce wa Rilwanu kul. Tun ranar ban sake cin abinci a gidan ba, a shago nake ci.

To ga abin da ya sa na rubuto. Akwai abin da na sani wanda babu wanda ya sani a gidan. Gwiwar Rilwanu ta dama ba lafiya ba ce. Tun bara ya murɗe ta a wani wasa, ya ƙi zuwa asibiti don kada kocin jami'a ya ajiye shi a benci. Wurin wani mai ɗori na kai shi, ya murza masa, aka ɗaure. Tun daga nan duk wasan da ya buga sai ta kumbura. Shagona yake biyowa da la'asar, ya zauna a bayan tayoyi, in sayo ƙanƙara in ɗora masa har ta sace, sannan ya tafi gida yana takawa kamar ba komai. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Lambar Hamad tana cikin wayata, don har motarsa yake kawo mini in duba masa taya, ya tafi ba ko sannu. Kalma ɗaya zan faɗa masa maganar nan ta rushe, Rilwanu ya zauna ya gama karatunsa. Na ɗauko wayar na ajiye ban san iyaka ba. In na tuna yaron nan ko cinikin tumatir ba zai iya yi da Hausa ba, in aka sallame shi aka ce ya koma Najeriya, wurin wa zai je, sai in ce wallahi kira zan yi. In kuma na tuna yadda Baba ya gyaɗa kai, sai in ji wani daɗi-daɗi a raina cewa zan iya ɓata musu murnar, sai tsoron kaina ya kama ni. Ban sani ba ko ƙanena nake son ceta ko fansa nake son ɗauka. Kuma in ya tafi ya yi nasara fa, ni na zama me?

Baffa, in kira Hamad ko in yi shiru in zuba ido? Kuma tsakani da Allah, yaushe ne ya dace ɗan ƙwallo ya bar karatu ya bi kulob?

Yayan ɗan ƙwallo, Mahjar, Jidda

*

Ɗana, na karanta, kuma raina ya sosu. Bari in fara da abin da ba a faɗa maka a gida ba: an ƙware ka. Takarda ta hana ka abin da ƙafarka ta cancanta, mahaifinka bai tausaya maka ba a lokacin, kuma ranar Juma'ar nan bai kyauta ba. Ka ji wannan daga bakina, amma kada ka gina shawararka a kansa.

Kana tambaya ko ƙauna ce ko hassada. Duka biyun ne, kuma ba kai ka fara ba. Mutumin da hassada kaɗai ke cinsa ba ya sayo ƙanƙara da kuɗinsa ya durƙusa gaban gwiwar ƙanensa. Ka bar tuhumar kanka haka nan, akwai aiki a gabanka.

Kada ka kira Hamad. Amana aka ba ka, kuma ba shi ne mai haƙƙin jin ta ba. Sannan ka yi tunani, shi rabonsa yana fitowa ne ranar da aka sa hannu. Me zai hana ya ji maganar gwiwar ya haɗiye, ya ƙara azama a gama kafin nadin ya farga? Ka ga ka rasa ƙanenka, kuma ba ka hana komai ba.

Rilwanu da mahaifinku ba hauka suke yi ba. Shekarun ƙwallo kaɗan ne a rayuwar mutum, karatu kuwa ana komawa da furfura, kuma tsoron da ke ran tsohon nan game da zamanku tsoro ne na gaske. Akwai ɗan wasan da barin makaranta shi ne daidai a gare shi. Shi ne wanda likitan kulob ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, kwantiragi ya zo a rubuce daga kulob ɗin kansa ba daga bakin dillali ba, na fiye da kaka ɗaya, an faɗi wanda zai yi jinya in ya ji rauni da makomar iƙamarsa in an rabu. In kuma makaranta ta yarda ta ajiye masa gurbinsa, to madalla. A labarinka ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da na gani shi ne ana so yaro ya saki minha tun kafin a duba shi. Kulob na kirki ba ya ɗaukar ɗan wasa sai ya yi masa gwajin lafiya. In ya janye daga jami'a sannan hoton gwiwa ya tona abin da kuke ɓoyewa, ya tashi ba karatu ba ƙwallo. Maganar jinsiyya kuwa, ba a aljihun dillali take ba, kada kowa ya sayar da shekarar ƙarshe ta digiri a kanta. Digirin da mahaifinku ya raina, in ba a ba shi aiki da shi a Jidda ba, zai bi shi duk ƙasar da ya je.

Ga abin da za ka yi. In ya biyo shagonka, kuma zai biyo tunda gwiwar ba ta san kun yi faɗa ba, ka zaunar da shi ku biyu. Da Larabci ko da Hausa, duk wanda zai shiga kunnensa. Ka ce masa eh, abin da ya faɗa akwai gaskiya a ciki, kana jin zafin abin da ka rasa, kuma duk da haka tsoro kake ji masa. Ka kai shi wurin likitan ƙashi a ɗauki hoton gwiwar nan, wannan ya wajaba ko da Hamad ko babu. Ya je ofishin jami'a da ƙafarsa ya tambaya ko ana iya dakatar da zango ɗaya ba tare da gurbin ya tafi ba, ni ban san dokarsu ba, kada ku yi zato. Ya nemi kwantiragin a rubuce, wanda ya san doka ya karanta muku. In Hamad ya ce babu lokacin wannan duka, to ya ba ku amsa da kansa. In Rilwanu ya ƙi zuwa asibiti, ka gaya masa ido da ido cewa za ka faɗa wa iyayenku, a gabansa, ka yi kaffarar rantsuwarka. Ba a bayan idonsa ba, kuma ba ga bare ba.

In an yi duk wannan ya ce shi dai sai ya tafi, baligi ne, rayuwarsa ce. Ka haɗiye abin da ke maƙogwaronka, ka ɗauki jakarsa, kai za ka kai shi tasha. Ba don ka yarda da shawararsa ba. Don in abin ya yi kyau, da kai aka yi. In kuma ya ɓaci a can garin da bai san kowa ba, dillali ba zai ɗaga waya ba, iyayenku kuma zai ji nauyin faɗa musu. Kai kaɗai zai so ya kira, kada ka sa ya ji kunyar kiranka.

Allah ya ba Rilwanu lafiya, ya zaɓa masa abin da ya fi alheri, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Ka koma cin abinci a gida, mahaifiyarka tana lura.

Baffa Na'ibi