Sunan da Ke Ƙofar Asibitin Damari

Damari, 9 ga Fabrairu, 1976

Zuwa ga Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da mutanen Yargoje duka.

Asibitin da muke ginawa da gayya a gonar da Baba ya bayar ya kai rufi. Tun da ramin ƙasa ya rufta da ƙaninmu Salihu wajen aikin nan, Baba bai ƙara leƙa wurin ba, sai jiya.

Kin tuna Bagirken da na koyi aikin daɓe wurinsa a Kaduna? Ya taɓa nuna mini hoton wani daɓe na zamanin Rumawa a ƙasarsu, an jera ƙananan duwatsu masu launi sun zama rubutun Girkanci. Ya ce sunayen waɗanda suka gina wa gari wurin wanka ne, sun shekara dubu da ɗari biyar ana karantawa. Irinsa na yi a ƙofar asibitin, da farar tsakuwa da ja: Mutanen Damari suka gina, Allah ya jiƙan Salihu. Na kama hannun Baba na ɗora a kai, tunda ba ya karatun boko. Ya daɗe yana shafawa.

Ƙaninki,
Gide

Damari, 20 ga Mayu, 1976

Yaya Zulaihatu,

Ina gaishe ki, ya jikin 'yarki Fatsuma? Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da zan faɗa miki ba daɗi. Wasu manya sun zo daga birni suka ce gwamnati ta karɓi aikin. Suka ba wani Alhaji Bilya kwangila, ya buga kwano, ya shafa fenti, iyakar abin da ya yi ke nan. Ana saura kwana shida buɗewa aka ce a fasa rubutuna a sa sunansa da na gwamnati, in ba haka ba, ba za a turo malamin asibiti ba. Dattawa suka taru a kaina a kan in yarda. Kin san mata nawa suka mutu a hanyar Funtuwa bara wajen haihuwa.

Ban yarda wani ya ɗora guduma a sunan Salihu ba. Ni na fasa da hannuna, ni kuma na jera sabon.

Lokacin Baba na kwance da ciwon ƙafa, ba wanda ya gaya mishi. Yanzu ya warke. Kullum da hantsi sai ya je ya zauna a ƙofar, duk baƙon da ya zo ya nuna mishi da sanda, ya ce, "Ga sunan ɗana nan." Sunan Alhaji Bilya yake nunawa, Yaya. Wasu 'yan boko kan karanta su dube ni, ni kuma in dubi ƙasa.

In kin zo da Sallah zai kai ki ya nuna miki. Don Allah ki ce kin gani.

Ki gaida Malam.

Naki,
Gide