Mama, Autanki Ya Dawo Bencin Baya

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ba zan tambaye ki jiki ba, na san inda kike babu ciwon ƙafa. Mu dai muna nan Unguwar Shanu, a gidan da kika bar mu.

Mama, autanki Bulus ya dawo coci, ni kuwa ban yarda da shi ba. Gara in faɗa miki tun da fari.

A taron falkaswa na bayan damina, da mai wa'azi ya kira masu son tuba, ya fito gaba yana kuka, wai ya tuba. Mata na ta guɗa, ni idona na kan abokinsa da ya ɗaga waya yana ɗauka. Kafin mu isa gida hoton ya zagaye unguwa. Kuka da mai ɗaukar hoto, Mama? Haba!

Dattawan ikkilisiya suka sa shi a horo na wata shida. Kin san ƙa'ida: zama a bencin baya, ba waƙa da mawaƙan kwaya, ba cin gurasar Jibin Ubangiji tare da jama'a. Yanzu wa'adin ya cika. Baba Dogara, babban dattijo, ya ce ran Asabar za su zo su tambaye ni, tunda ni ke zaune da shi, ko ya canza. Abin da na faɗa shi za su bi. In na ce a'a, a ƙara masa horo, kuma auren da yake nema da Rifkatu 'yar kwaya ya rushe, don iyayenta sun ce ba za su jira ba.

Shekara bakwai yana bin 'yan siyasa, daga wannan otal zuwa wancan. Sai da ya ga Rifkatu sannan Ruhu Mai Tsarki ya same shi? Ruwa ba ya tsami banza.

Kuma ban manta ranar jana'izarki ba. Ana tsakiyar sujada a ƙofar gida ya iso yana warin giya, ya fizge makirufo daga hannun fasto, ya kama yi wa maigidansa ɗan siyasa kirari a gaban akwatinki. Hajiya Rabi maƙwabciyarki ce ta ja shi gefe, tana cewa, "Bulus, ka ji tsoron Allah, uwarka ce a kwance." Ni a ranar na cire shi daga raina.

Shi ya sa na zama 'yar sanda a gidan nan. Rigarsa sai na shinshina kafin wanki. Da ya ce zai je addu'ar Laraba, har keke na hau na bi bayansa. Ya ɗauki Littafinki Mai Tsarki ya kai ɗakinsa, sai na soka tsinken tsintsiya a Zabura in ga ko ana buɗewa. Bayan mako biyu na samu tsinken a Luka. Na ce ai matsar da tsinke ba wuya.

Ban kama shi da komai ba, kuma wallahi wannan ya fi ba ni haushi. Da na kai wa Hajiya Rabi ƙara, cewa ta yi, "Saratu, wai so kike ya tashi ko so kike ya faɗi?" Na yi kwana biyu ban leƙa gidanta ba.

Ran Lahadin nan aka ci Jibi. Bulus ya fita kamar yadda doka ta ce, ya tsaya a rana bakin taga. Ni ina gaba cikin zanen zumuntar mata. A nan na lura wata shida ban rera waƙa ɗaya har ƙarshe ba, kullum wuyana a juye baya ina gadin Bulus. Sai na tuna ranar da kika taka a ƙasa har Rafin Guza da ciwon ƙafarki, don ki shirya da matar da kuka yi cacar baki a kasuwa. Kika ce mini, "Ba a cin Jibi da ƙulli a zuciya."

Farantin Jibi ya iso gabana, na bar shi ya wuce. Matan zumunta suka kalli juna. Yanzu ni ake bi da ido ana raɗa, kuma na ji yadda abin yake da zafi.

Mamana, har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Amma abin da na gani za a tambaye ni, kuma ban ga laifi ba. Zan ce su karɓe shi. In wasa yake, 'yar mutane na tura rami da bakina, kuma tsoron wannan ya hana ni cin abinci tun Litinin.

Ubangiji mai ganin zuciya Ya sa tuban Bulus gaskiya ne, Ya kiyaye Rifkatu, ni kuma Ya kwance mini wannan ƙulli, don ni kaɗai na kasa. Amin.

'Yarki da ke kewarki,
Saratu