Zurfin da Ban Auna Ba

Daren Talata, Maris 2006

Yau da safe ina gaban allo ina nanata wa 'yan aji biyu cewa layi tsawo kawai gare shi, fili yana da tsawo da faɗi, amma rami sai an haɗa da zurfi. Har faɗa na yi wa waɗanda suka manta na ukun.

Da la'asar ina dawowa daga gonar tumatir, wani dattijon Bafillace, baƙo daga wajen Madobi, ya tare ni da shanunsa a bakin kanal, babbar magudanar ruwan noman rani. Ya ce, "Malam, ta ina za mu tsallaka? Gada ta yi mana nisa."

Na nuna masa inda kanal ɗin ya tsuke. Ya miƙa sanda zai gwada ruwan, na ce, "Baba, bar shi, a nan aka haife ni. Taku uku ne."

Faɗin kawai na duba. Na manta a matsatsin nan ruwa ya fi zurfi da ƙarfi. Saniyar farko, mai ciki, ta zame a kan siminti, ruwa ya maka ta da bakin kwalbati. Da ƙyar mu shida muka jawo ta da igiya, ƙafar baya a karye. Dole aka yanka ta.

Da dattijon nan zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai ya goge wuƙarsa da ciyawa ya ce, "Allah ne ya kawo, Malam." Bayan isha'i kuma ya aiko mini da cinya guda. Tana nan cikin kwano. Na hana matata ta dafa, kuma ban san da wane baki zan mayar masa ba.