Gajeriyar Hanya Zuwa Waƙoƙin Mama

Laraba da dare, Zuru.

Makon jiya na sa wa shafin intanet na cocinmu 'yar manhaja mai lura da inda mutane suka fi zuwa, ta yanke musu hanya tun daga shafin farko. Da can sai Mama ta danna sau biyar kafin ta kai waƙoƙin C'lela, kuma a Mahuta, inda take zaune, sabis kan ɗauke a na uku. Yanzu sau ɗaya ne.

Amma manhajar ta tura jawabin Baba Sakatare can ƙasa. Yau ya kira ni.

"Ɗana, wa ya matsar da jawabina?"

Na ce, "Baba, sawun mutane manhajar ta bi."

Ya yi dariya. "Bar shi haka. Ni ma waƙoƙin nake zuwa nema."